Nairar da Ke Cikin Asusuna Ba Gado Ba Ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ni ce Hadijatu 'yar Malam Abu, matar marigayi Alhaji Lawwali mai canji, mazauniyar garin Illela. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya sa min magana a baki. Ƙafafuna sun kumbura, likitan da nake gani a Sakkwato ya gaya min gaskiya game da ƙodata, na kuma gode masa da bai yi min kwana-kwana ba. Amma kaina lafiya lau yake. Ina shaidawa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu bawansa ne, manzonsa ne. A kan wannan na rayu, a kansa nake roƙon in cika.

Zuwa ga 'ya'yana huɗu: Sufyanu, Abdulaziz, Ummul Khairi da Haula. Wanda na ɗora wa zartar da wannan wasiyya shi ne ƙanena, kawunku Ubaidullahi. Abin da ya ce a kanta, ni na ce.

Ummul Khairi ta ce in yi magana kawai ta ɗauka a waya, wai ya fi sauƙi. Na ƙi. Na ga yadda ake yanka muryar mutum a gidan nan, a tura rabin da ake so, a bar sauran. Ubana bai sa ni sakandare don in bar maganata ta ƙarshe a hannun mai yanka ba.

1. Idan na cika, Kawu za a fara kira, a gaya masa da baki. Kada wani nawa ya fara ganin mutuwata a sitatus. Ban yarda a sa hotona ko'ina ba, ko na Makka, ko na bikin Haula da nake dariya a ciki. Ban yarda a ɗauki makarata a waya ba, ban yarda a rubuta lambar asusu a ƙarƙashin sanarwa ana neman gudummawa ba. Likafanina yana cikin akwatin ƙarfe, da kuɗina na saye shi. Ummul Khairi da maƙwabciyata Tasalla su yi min wanka. Zaman makoki kwana uku ya isa, kowa ya koma sana'arsa.

2. Bashin da ke kaina guda ɗaya ne. Firijin sola da nake sayar da ƙanƙara da zoɓo da shi, bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ne ya saye shi, ya sayar min da ribar da muka yanke tun ranar farko, ina biya wata-wata. Saura kaɗan, takardun suna wurin Kawu. A biya shi kafin kowa ya taɓa ko cokali. Sufyanu ya taɓa yi min ba'a, ya ce riba da ruwa duk ɗaya ne, suna aka canza don a kwantar wa tsofaffi hankali. Ba ɗaya ba ne. Wata biyu na makara lokacin da nake kwance asibiti, ko kwabo ba a ƙara min ba. Ku tambayi Haula yadda nata ya kasance da masu rancen waya.

3. Kuɗin da ke cikin asusuna ba duka ne nawa ba, kuma nan ne nake tsoron ku yi kuskure. Kashi uku ne a haɗe wuri ɗaya. Akwai na adashen matan unguwa da nake riƙewa. Tasalla ta san wadda ta ɗauka da wadda ba ta ɗauka ba, ita za a danƙa wa, ta ci gaba da shi har zagayen ya ƙare. Akwai nawa na kaina, wannan gado ne. Sai kashi na uku, wanda ya fi sauran yawa, shi ne na yi masa lamba ta huɗu shi kaɗai.

Lambar sirri tana wurin Kawu, shi kaɗai. Na san abin da ake yi yanzu: mutum ya mutu, a ɓoye wa banki, a ci gaba da cire kuɗi da layinsa kamar yana raye, wanda wayar ta faɗa hannunsa ya zama shi ne magaji. Ba a gidana ba. Daga sa'ar da na cika, abin da ke nawa a ciki ya zama naku ku huɗu, kuma wanda ya sayi ko katin naira ɗari da shi ya ci haƙƙin ukun. Kawu ya fitar da amanar mutane a gaban shaidu, sannan a sanar da banki, a bi layin da ake bi komai tsawonsa. Layukana biyu, na nan da na Nijar, a bar su a kunne har a gama rabo, don akwai matan Kwanni da ke sayen turare wurina, ta nan suke nemana.

4. Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Sufyanu, kai ne babba, kai ka gaji teburin canjin ubanku a bakin tasha, ka ƙara da na'urar POS. Abdulaziz, kai ka zauna Kwanni da iyalinka, kana fataucin albasa. A kakar albasar shekarar da aka rufe boda, lokacin da naira ke faɗuwa kullum, Abdulaziz ya zo gida da sefa miliyan uku a cikin jakar goyo. Ya yi ciniki da manoman Darna da Tozai, zai saye albasarsu a gona ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, su kuwa naira suke so. A tsakar gidan nan kuka yi canjin, ina zaune ina tankaɗe. Kuka yanke farashi. Abdulaziz ya miƙa sefa, Sufyanu ya ƙirga ya sa a aljihu, ya danna waya, ya juyo da fuskarta ya nuna wa ƙanensa cewa kuɗi sun tafi. Abdulaziz ya duba tasa, ba alat. Sufyanu ya ce sabis ne, kafin ya kai boda zai ji ƙara. Abdulaziz ya hau babur ya tafi.

Kuɗin sun fita daga wurin Sufyanu, ba su shiga wurin Abdulaziz ba. Suka maƙale a tsakani sama da mako biyu. Sufyanu ya yi ta zarya banki, wannan na shaida, har takalminsa ya tsinke. Manoma suka gaji da jira suka sayar wa wani. Da kuɗin suka dawo, asusun Sufyanu suka dawo, a lokacin kuwa naira ta ƙara zubewa, abin da ta saya ranar canjin ba ta iya sayensa. Sufyanu ya sake tura adadin nan na farko. Abdulaziz ya mayar masa, ya ce a biya shi da farashin yau. Sufyanu ya sake turawa, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Abdulaziz ya sake mayarwa. Haka kuɗin suka yi ta kai da komo tsakanin Illela da Kwanni, kowace tafiya banki na yankar cajinsa, har na ce wa Tasalla banki kaɗai ke cin ribar haihuwar da na yi. A ƙarshe Abdulaziz ya turo su asusuna, ya ce, "Inna, ki riƙe, ba nawa ba ne." Na ce wa Sufyanu ya karɓa, ya ce shi ma ba nasa ba ne. Suna nan har yau, ban taɓa su ba.

Tun daga nan ba ku sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Sallah huɗu ke nan, ɗaya ya zo da safe, ɗaya ya jira ya ji labarin wancan ya fita sannan ya shigo.

Kowannenku ya kawo min hujjarsa. Sufyanu ya ce, "Inna, ni mi niy yi? Na danna, kuɗi sun hita, ga rasit." Abdulaziz ya ce rasit ɗin zai dafa wa manoma su ci? Ban ba kowa gaskiya ba a lokacin, domin ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne yadda ubanku ke yi. Shekara talatin yana canji, ban taɓa jin ya bar mutum ya tashi daga gaban teburinsa da rabin ciniki ba. Ko amininsa ne ya ce ba ni sefa, in an sauko Juma'a na kawo naira, sai ya ce a'a, in rance kake so ka ce rance, in canji ne hannu da hannu. Kuna yara kuna ganin tsanani ne.

Na kai maganar gaban Malam Zakari na makarantar bayan kasuwa, ban faɗi sunan kowa ba. Da na je asibiti Sakkwato na sa Kawu ya kai ni wurin wani malamin da bai san mu ba, don kada a ce Malam Zakari abokin wane ne. Amsarsu ɗaya. Canji ta waya ba laifi ba ne. Idan kuɗi suka shiga asusun mutum, ya zama kamar ya karɓa da hannunsa. Amma fitarsu daga asusun mai turawa ba karɓa ba ce, rasit kuma ba kuɗi ba ne. Tunda kuka rabu ɗaya ya karɓa ɗaya bai karɓa ba, kuma kuɗin da aka tura ranar ba su taɓa shiga ba, canjin bai ƙullu ba tun farko. Babu farashin jiya, babu farashin yau. Kowa a mayar masa da abinsa.

Saboda haka, nairar da ke asusuna ta Sufyanu ce. Ba gado ba ce, kada a haɗa ta da rabo, kada a fitar da sulusi daga cikinta, kada a yi min sadaka da ita. A mayar masa. Shi kuma Sufyanu ya mayar wa Abdulaziz sefa miliyan uku, sefa a matsayin sefa, ba kimarta a naira ba.

Sufyanu, na san abin da wannan ke nufi. Sefar ka daɗe da sayar da ita, sai ka sake saye, kuma nairar da za a mayar maka ba za ta kai ba. Za ka yi asara, mai yawa. Na san kai ne ke kai ni Sakkwato, kai ke sayen magani, kai ke ɗaga ni zuwa mota. Ban manta ba, Allah ma bai manta ba. Amma ba zan saka maka da haƙƙin ƙanenka ba. Kai ne mai sana'ar, kai ya kamata ka ce masa zauna sai alat ya shigo, ko ka miƙa masa jakarsa ka ce gobe ma yi. Ka san ribar da ka samu a kan sefar nan lokacin da ta tashi, ni ban tambaye ka ba. Na so in cike maka giɓin daga sulusina, malamai suka ce ba a yi wa magaji wasiyya. Idan bayan kowa ya karɓi rabonsa 'yan'uwanka suka ga dama suka taimaka maka da nasu, wannan alherinsu ne. Ban tilasta wa kowa ba, kai ma kada ka roƙa.

Abdulaziz, kada ka yi murna tukuna. Ribar albasar da kake lissafawa cewa da ka samu, ba ka bin kowa ita. Abin da ba ka saya ba ba naka ba ne. Sefarka za ka karɓa, ba ƙari. Kuma kai ne ka hau babur ba ka ga alat ba, ba wanda ya kore ka. Sannan akwai wanda ya fi kuɗin nauyi. A guruf ɗin gida, inda ƙannenku mata suke, da 'ya'yan Kawu, da surukai, ka kira yayanka ɓarawon zaune, ka ce teburin ubanku ya koma hannun ɗan damfara. Shi ma ya ce maka Musye, wai ka sha ruwan Faransa ka manta gidanku. Nasa ba'a ce mai ɗaci, naka ƙazafi ne. Sufyanu bai sace maka komai ba, kuskure ya yi, ya kuma kafe a kansa. Inda ka faɗa, nan za ka janye, da muryarka, kowa ya ji. Bayan haka ka zo ka durƙusa masa kamar yadda ƙane ke yi.

Ga yadda za a yi. A zauren gidan nan, gaban Kawu da Malam Zakari. Sufyanu ya zo da sefa a hannu. Kawu ya tura nairar daga wayata. Ba wanda zai tashi sai Sufyanu ya ga kuɗin a asusunsa da idonsa, Abdulaziz kuma ya ƙirga nasa. Idan sabis ya ƙi, ku zauna. Idan ya ƙi har la'asar, ku yi salla tare ku dawo ku zauna. Zaman ba zai kashe ku ba.

5. Jamilatu matar Sufyanu da Shahida matar Abdulaziz, ba ku cikin magada amma kuna cikin gidan. Kuɗin nan sun maƙale mako biyu ne, ku kuka maƙalar da zumunci shekara biyu. Na ji muryoyin da kuke tura wa juna, na ji waɗanda kuke tura wa ƙawayenku, don duk abin da aka tura sai ya zagayo. 'Ya'yanku ba su san gidan juna ba alhali tsakanin nan da Kwanni ko awa ba a yi. Ku bari. Na yafe muku abin da kuka faɗa a kaina.

6. Haula, autata. Rancen da kika ci a manhajar waya don ki ƙara jarin kayan yara, kin ga ƙarshensa: ya ninka, suka bi lambobin da ke wayarki ɗaya bayan ɗaya suna cewa ke mayaudariya ce, har uwar mijinki ta samu saƙon. An biya, an rufe, ba don in tona miki asiri na sake ɗauko shi ba. Don in ce da ku duka ne: wanda ya ba ku kuɗi cikin minti biyu bai tambayi ko wane ne ubanku ba, ba ƙaunarku yake ba. Ko rancen kati da ake ba ku tamanin da biyar a cire ɗari, ni ban taɓa ci ba, in katina ya ƙare ina haƙura har gari ya waye. Mai buƙata a cikinku ya je wurin ɗan'uwansa, ya ji kunyar minti biyar, a ba shi ba ƙari, a sa shaida, a sa rana. Wanda aka zo wurinsa kuma kada ya ɗauki hoton maganar ya tura wa kowa.

7. Abin da na mallaka: gonar Amarawa da na gada wurin ubana, tumunin gidan nan da ya zo min daga Alhaji, firiji, tumaki biyar da ke wurin makiyayi, kayan turare, kayan ɗaki, da zinarina. A raba yadda Allah ya raba, namiji rabon mata biyu, Malam Zakari ya yi lissafin. Na san Ummul Khairi na son sarƙar zinarin. Idan za ta riƙe ta ta biya sauran rabonsu, a kai kasuwa a auna, a yi mata kuɗi da farashin ranar, ta biya a wurin kafin a tashi. Zinari ma hukuncinsa ɗaya da canji, ba a cewa zan turo. Kada ku sake faɗawa ramin da kuke ƙoƙarin fita.

Daga sulusi, a ba Tasalla firijin. Shekara da shekaru ita ke ɗaura zoɓon, ita ta san masu saye, kuma marayu take riƙo. Abin da ya rage na sulusin a sa wa makarantar Malam Zakari sola, yara su daina karatun asuba da fitilar waya. Akwai kuma ɗan ruwan da tsohon bankina ya yi ta zuba min kafin in bar shi. Na ware shi, yana cikin gwangwanin madara a akwatin ƙarfe. Ba nawa ba ne, ba naku ba ne. A gyara kwatar lungunmu da shi, kada kowa ya sa ran lada.

8. Sauran nasiha kaɗan ce, kun sha jin ta. Alat ba gaisuwa ba ne. Watan da ya wuce ukunku sun turo min kuɗi, na gode, amma Tasalla ce ta ɗebo min ruwan alwala. Abin da kuka yi min ya wuce, kada ku yi wa Kawu haka. Maza, kuɗin da matanku ke samu a sana'ar waya nasu ne, sanin lambar sirrin matarka bai sa kuɗinta ya zama naka ba, cefane kuma yana wuyanka ko ta fi ka samu. Mata, kada a saya muku data da kuɗin miya. Ku fitar da zakka a kan abin da ke asusu kamar yadda kuke fitarwa a kan abin da ke rumbu, rashin ganinsa a ido bai sauke muku ita ba. Idan an ajiye abinci a kife waya. Yaron da bai iya karanta Fatiha daidai ba bai isa riƙe waya ba.

Wanda na ɓata wa a cikinku da kaifin bakina ya yafe min. Ban iya lallashi ba, kun sani, amma ban taɓa kwana ban ambaci sunayenku huɗu a gaban Allah ba. Na yafe muku nonon da kuka sha da wahalar da na yi. Allah ya yi muku albarka, ya tsarkake abin da kuke ci, ya tsare ku daga riba da haƙƙin mutane, ya shirya muku zuriya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Sufyanu, ka riƙe ƙannenka. Ku uku, ku girmama shi. Boda ta hukuma ce, a rufe ta ko a buɗe, gidan Lawwali ɗaya ne.

Na ce wa Kawu sauran lambobin su jira mutuwata, amma ta huɗu ya kira ku ya karanta muku ranar Juma'ar nan. Sufyanu na buƙatar lokacin haɗa sefa, na ba shi zuwa ƙarshen wata. Idan Allah ya ɗauke ni kafin nan, ku yi shi a gaban Kawu kafin a raba komai nawa. Idan kuwa kun same ni da rai, kada a kira ni a waya, kada a aiko kowa. Ɗakina yana kallon zaure. Ku shigo ku biyu, in gan ku.

Hadijatu Abu, Illela.
Shaidu: Ubaidullahi Abu, Malam Zakari.